Kalmar da Malam ya zagaye mini da jan biro

A shekarata ta biyu a sashen wasan kwaikwayo aka ba ni jinga kan rawar bale ta Turawa, wadda mata ke tsayawa a kan tsinin yatsun ƙafa. Na ɗauka aikin kwana biyu ne, in nemo wadda ta fara, in rubuta, in huta. Na rubuta cewa Marie Taglioni ce ta fara, a Faris, babban birnin Faransa, 1832. Malam ya dawo mini da takardar, ya zagaye kalmar "fara", ya ce, "Malama, koma ki duba wa ta gani kafin ta yi."

Haushi ya kama ni, amma na koma. Ashe tun 1796 wani mai tsara rawa, Charles Didelot, ke ɗaga 'yan rawa da waya a dandalin Landan, su dogara kan tsinin ƙafa kafin a ja su sama. Geneviève Gosselin ta hau yatsu a Faris wajen 1815. Amalia Brugnoli ma tana yi a Biyana, babban birnin Ostiriya, a farkon shekarun 1820, Taglioni na garin. Sai dai a wancan lokacin abin bajinta ne kawai, a yi, a tafa, a wuce.

Labarin Marie ɗin ne ya riƙe ni. An haife ta a Stockholm a 1804, uwa 'yar Suwidin, uba ɗan Italiya mai tsara rawa, Filippo. Jikinta ba irin wanda malaman rawa ke so ba ne, bayanta ya ɗan ranƙwafa, hannuwa zaƙo-zaƙo. Uban ya tsare ta a Biyana wata shida, kullum awa shida na horo, kafin fitowarta ta farko a 1822. Bai tsaya jiran bayan ya miƙe ba. Ya tsara mata tsayuwar da ƙirji ke ɗan karkata gaba, hannuwa a lanƙwashe, har abin da ake yi mata gori da shi ya koma salon da sauran mata ke kwaikwaya. A wasan La Sylphide na 12 ga Maris 1832 ta fito a matsayin aljanar iska, sai hawa yatsun ya sami dalili: halitta ce da ƙasa ba ta riƙe ta.

Takalminta kuwa, da na ga hotonsa sai da na yi tagumi. Yadin satin ne mai laushi, da siririyar fata a tafi, an yi wa gefen bakinsa ɗinki a kan ɗinki don kada ya yage. Ba wani tauri a ciki. Takalmi mai ƙwarya a baki, wanda ake taurarawa da yadi da gam, sai can ƙarshen ƙarnin ya fito daga hannun dukawan Italiya, shi ya taimaki Pierina Legnani ta yi juyi 32 a jere a Saint Petersburg a 1893. A daren nan na kama ƙarfen gado a ɗakin kwananmu na gwada da safa. Ko ƙirga uku ban yi ba na zube, 'yan ɗaki suna ta dariya. Tun daga nan ban ƙara rubutu kan motsin da ban gwada da jikina ba.

Marie ta bar dandali a 1847. Daga baya dukiya ta ƙare, ta koma koyar da 'ya'yan masu hali rawar biki a Landan, ta rasu a Marseille a 1884, saura kwana ɗaya ta cika tamanin.

A takarda ta biyu ban sa "fara" ko sau ɗaya ba, na rubuta cewa mace ce mai baiwa. Malam ya zagaye "baiwa", ya rubuta a gefe: "Awa shidan nan fa?"