Baron ɗan gwangwan da tsibin Akokan

Duk ranar Asabar da hantsi akwai wani saurayi ɗan gwangwan da yake ratsa layinmu da baronsa, yana buga guntun rodi a jikin baron domin matan cikin gida su san ya iso. Kayan aikinsa biyu ne kacal, wato sikeli mai ƙugiya da mayen ƙarfe wanda ya ciro daga tsohuwar lasifika, da shi yake bambance baƙin ƙarfe da alminiyom da tagulla. Makon jiya na fito masa da matacciyar fanka da tsohon batirin mota, sai na tsaya ina kallo ya karkata batirin ya tsiyaye ruwansa a bakin kwata, hannunsa babu safa, ruwan yana taɓa ƙasa yana kumfa. Na ce masa, "Samari, ina ake kai waɗannan kayan?" Ya ce, "Yallaɓai, mu dai dila muke kai wa, shi kuma ya loda a tirela." Sikelinsa yana faɗa masa nauyin abu, mayen ƙarfe yana faɗa masa irinsa, amma ba shi da abin da zai faɗa masa ko abin da ya ɗauka zai kashe shi.

Abin da ya sa wannan ya tsaya mini a rai shi ne abin da ya faru a birnin Goyaniya na ƙasar Brazil a watan Satumba na 1987. Wasu mutum biyu masu neman tsofaffin ƙarafa sun shiga wani asibitin gashin ciwon daji da aka ƙaurace wa, suka kwance wani sashe na na'urar da aka bari a ciki, suka tura shi gida a baro. Da suka fasa sai suka tarar da wani gari mai ƙyalli shuɗi, wanda sinadarin siziyom 137 ne. Dilan da ya saya ya kai shi gida yana nuna wa 'yan uwa da maƙwabta saboda kyansa a cikin duhu, wata yarinya 'yar shekara shida ta yi wasa da shi sannan ta ci abinci da hannun. Sai da aka yi kusan mako biyu mutane suna amai da gudawa, fatarsu tana salewa, kafin matar dilan ta zargi wannan abu, ta sa shi a jaka ta hau motar haya ta kai ofishin lafiya. Mutum huɗu sun mutu cikin 'yan makonni, har da ita matar da yarinyar. An gwada mutane kimanin 112,000, aka sami 249 da gubar a jikinsu, aka rushe gidaje aka kwashe ƙasar wurin. Babu bam a wannan labari, babu tashar nukiliya da ta fashe. Na'ura guda ce aka bari babu mai gadi, babu hukumar da ta bi sawunta.

Wani zai ce Brazil tana da nisa. To, Arlit ba ta da nisa, domin daga cikinmu akwai waɗanda 'yan uwansu suka tafi can ci-rani, kuma Hausa ce harshen kasuwarta. Tun 1971 kamfanin SOMAÏR yake haƙar yuraniyom a Arlit, a arewacin Agadas, sannan a 1978 COMINAK ya fara haƙa a ƙarƙashin ƙasa a Akokan, garin da yake manne da ita. Dukansu biyu kamfanin Faransa da aka sani da Areva, wanda ya koma Orano a 2018, shi ne babban mai hannun jari a cikinsu tsawon shekarun nan. Faransa tana samun kusan kashi 70 cikin 100 na wutar lantarkinta daga nukiliya, alhali mafi yawan gidajen Nijar ba su da wuta ko ta ƙwan fitila ɗaya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Amma ba maganar farashi nake so in yi ba, an sha yin ta, kuma masu yin ta suna da gaskiya. Abin da ya fi damuna shi ne abin da aka bari a baya bayan an ɗebi abin da ake so.

Yadda aikin yake, ana fasa dutse, a niƙa shi ya zama gari, a jiƙa da ruwan asid domin a tace yuraniyom, wanda 'yan kilo kaɗan ne a cikin kowane tan guda na dutse. Abin da ya rage, wato dusar dutsen, shi ake jibgewa a fili. Matsalar ita ce mafi yawan tururin nukiliyar da yake cikin dutsen yana nan a cikin dusar, domin sinadaran da suke fitar da shi ba su ne aka tace aka tafi da su ba. Akwai radiyom 226 wanda sai ya yi shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi, akwai toriyom 230 wanda nasa sai kimanin shekara 75,000. Daga cikinsu ne iskar radon take tasowa, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma likitoci sun tabbatar tana haddasa ciwon dajin huhu. Lokacin da aka rufe COMINAK a ƙarshen watan Maris na 2021, an bar irin wannan dusa kimanin tan miliyan 20 a gefen Akokan, a yankin da iskar hamada take kaɗawa ba ƙaƙƙautawa, kuma mutane suke shan ruwan ƙarƙashin ƙasa wanda ya taru tun zamanin da Sahara take da damina, wanda idan ya gurɓata babu ruwan sama da zai sauya shi.

A nan ne labarin ya haɗu da baron saurayin layinmu. A 2003 masana daga CRIIRAD, wata cibiyar gwaji mai zaman kanta a Faransa, sun je Arlit bisa gayyatar ƙungiyar Aghirin'man ta mutanen garin, wadda Almoustapha Alhacen, ma'aikacin mahaƙar ne shi kansa, yake jagoranta. Sun tarar ana sayar da tsofaffin ƙarafan da suka fito daga masana'antar a kasuwa, wasunsu suna ɗauke da burbushin nukiliya. Duk wanda ya san talaka ya san abin da zai yi da bututu ko falle na ƙarfe mai araha: zai yi ƙyaure da shi, ko jinka, ko ya kai wa maƙeri ya ƙera masa kayan girki. A 2009 ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace ta je ta yi gwaji, ta ba da rahoton cewa a wani wuri a kan titin Akokan tururin ya ninka abin da aka saba gani har kusan sau 500, saboda an yi cikon hanya da duwatsun da aka zubar daga mahaƙa. Kamfanin ya sha musanta cewa aikinsa yana cutar da lafiyar jama'a, yana cewa yana bin ƙa'idojin duniya. Ni abin da na lura da shi shi ne sai da mutanen gari suka gayyato baƙi da na'urorinsu daga wata nahiya kafin a san abin da yake kan titin da 'ya'yansu suke wasa a kai.

Wannan ba halin nukiliya kaɗai ba ne, halin guba ne gaba ɗaya, kullum tana gangarawa inda doka ta fi rauni kamar yadda ruwa yake bin kwari. A 1988 aka gano dubban ganguna na sharar masana'antu mai guba daga Italiya jibge a filin wani dattijo a Koko, ƙaramin garin bakin ruwa da yake jihar Delta a yau, ana biyansa dala 100 a wata. Ɗaliban Nijeriya da suke karatu a Italiya ne suka tona asirin ta hanyar rubuto wa jaridu. Gwamnatin wancan lokaci ta janye jakadanta daga Rum, ta matsa har aka kwashe sharar aka mayar, sannan ta kafa dokar da ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shigo da irin wannan shara, ta kuma kafa hukumar kare muhalli ta tarayya. Shekara guda bayan haka duniya ta amince da yarjejeniyar Bazel a kan safarar shara mai haɗari, ƙasashen Afirka kuma, da suka ga ba ta gamsar da su ba, suka yi tasu a Bamako a 1991, wadda ta haramta shigo da sharar kwata-kwata har da ta nukiliya. Duk da haka Amurka ba ta tabbatar da yarjejeniyar Bazel ba har yau, kuma a watan Agusta na 2006 jirgin Probo Koala, wanda kamfanin Trafigura ya yi haya, ya sauke dagwalonsa a Abijan bayan an nemi kuɗi mai yawa kafin a tsaftace shi a Amstadam. Motoci suka zubar da shi a wurare daban-daban cikin birnin, mutane fiye da 100,000 suka nemi magani.

Ba zan ɗora laifin duka a kan baƙi ba. Gubar dalma da ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010, irin su Dareta da Bagega, daga niƙan dutsen zinariya a tsakar gida ta fito, kuma sai da likitocin ƙungiyar Médecins Sans Frontières suka ga sababbin ƙananan kaburbura sun yi yawa kafin hukuma ta farga. Wanda ya taɓa wucewa ta inda dagwalon masana'antun jima yake gangarawa kogin Challawa a Kano ya san launin ruwan da warinsa, ya kuma ga lambunan da ake shayarwa da shi. Dokoki muna da su a rubuce. Jami'in da zai je ya gwada ruwan, da na'ura a hannunsa da man mota a tankinsa, da ikon rufe ƙofar masana'antar mai kuɗi, shi ne ba mu da shi yadda ya kamata.

A matakin duniya ma haka abin yake, kuma mutane da yawa ba su sani ba. Ƙa'idojin kariya da hukumar makamashin nukiliya ta duniya take fitarwa daga Biyana shawara ce ga ƙasashe, ba ta da ikon shiga wata ƙasa ta rufe mahaƙa ko tasha saboda sakaci. Yarjejeniyar kariyar nukiliya ta 1994 ta tsaya ne a kan ƙasashe su riƙa kawo rahoto suna duba na juna, babu hukunci a cikinta. Alhali lokacin da tashar nukiliya ta Canobil a Yukren ta fashe a ranar 26 ga Afrilu 1986, ma'aikatan wata tashar nukiliya a Suwidin ne suka gano burbushin a jikinsu bayan kwana biyu, kafin Tarayyar Sobiyet ta amsa cewa wani abu ya faru. Hayaƙi ba ya tsayawa a bincika masa fasfo, amma hannun alƙali a bakin iyaka yake tsayawa. Mutanen Bopal a Indiya sun fi kowa sanin wannan: iskar gas daga masana'antar Union Carbide ta kashe dubbai a daren 2 ga Disamba 1984, ta shafi fiye da rabin miliyan, aka sasanta a kan dala miliyan 470 a 1989, shugaban kamfanin bai taɓa gurfana a kotun Indiya ba har ya mutu, kuma sai a farkon 2025 aka kwashe tan 337 na sharar da take jibge a harabar.

Saboda haka idan ana maganar ƙarfafa dokokin muhalli, abin da na fi ba muhimmanci shi ne kuɗin gyara. Kada a ba kowane kamfani izinin haƙa ko sarrafa abu mai guba sai ya ajiye kuɗin tsaftace wurin a asusun da hannunsa ba ya kaiwa, tun kafin ya sari ƙasa, domin ranar da riba ta ƙare ba a samun kowa a ofis. Sannan a ba mutanen gari haƙƙin gwaji da sanin sakamako cikin harshen da suke ji, kada ya zama mai gurɓatawa shi ne mai awo kuma shi ne mai asibitin da zai rubuta sunan cutar. Haka nan wanda aka cuta ya sami damar bin uwar kamfani har kotun ƙasarta. Wannan ya fara yiwuwa, domin a watan Janairu na 2021 kotun ɗaukaka ƙara a Holan ta ba wasu manoman Neja Delta gaskiya a kan reshen Shell na Nijeriya, amma sai da suka yi shekara goma sha uku suna shari'a, wasu daga cikin masu ƙarar sun rasu kafin hukunci.

A watan Yuni na 2025 gwamnatin Nijar ta sanar da mayar da SOMAÏR mallakar ƙasa, kuma na fahimci dalilin da ya sa jama'a da yawa suka yi murna. Abin da nake fata masu murnar su riƙa tambaya da ƙarfi shi ne wa zai ɗauki nauyin tsibin Akokan yanzu da dangantaka ta ɓaci tsakanin gwamnatin da kamfanin Orano. Shirin da kamfanin ya gabatar bayan rufe COMINAK shi ne a lulluɓe dusar da yumɓu da duwatsu mai kaurin mita biyu, a sa ido a kanta na wasu shekaru. Murfin nan yana buƙatar a riƙa duba shi ana toshe inda iska da ruwa suka zaizaye, a riƙa gwada rijiyoyin da suke kewaye, a kuma hana kowa ɗibar dutse ko ƙarfe daga wurin, kuma wannan aiki ne da zai wuce rayuwar kamfanin da ta gwamnatin da ta jikokin yaran da suke wasa a titunan Akokan a yau.