Akra: Daga Canjin Makola Zuwa Ƙuri'ar Mata

Hanyar Legas zuwa Akra, babban birnin Ghana, ba ta da abin ba da labari sai iyakoki: Seme, sannan tsakanin Benin da Togo, sannan Aflao. Mai bin ta ya riƙe fasfo da katin rigakafin shawara a aljihun da hannu ke kaiwa, kada ya cusa su ƙasan jaka. A wani shinge wani jami'i ya wurgo mini katina ƙasa don na ce ba ni da na goro. Direba ya ce, "Malama, ɗauki abinki mu tafi, dare na yi."

A unguwar Nima na sauka, gidan wata Hajiya mai sayar da atamfa, wadda ita ce magajiyar matan layinsu. Ta hana ni biyan ko kuɗin ruwa. Kokonsu ya fi namu na Zariya yaji, citta da kanumfari har maƙogwaro, ƙosan kuwa ƙanana ne, ga tsada.

Kashegari muka hau toro-toro, ƙaramar motar haya, zuwa kasuwar Makola. Ciniki a nan sai da haƙuri: mai kaya ta faɗi kuɗi, ka taya rabi, ta harare ka, ka juya kamar za ka tafi, sannan a fara magana. Da aka ba ni canji sai Hajiya ta tsinto wani tsabar kuɗi na pesewa 50 daga tafin hannuna, mai hoton wata mata da ɗankwali.

"'Yata, kin san ko wace ce wannan?"

Rebecca Naa Dedei Aryeetey ce, wadda aka fi sani da Dedei Ashikishan, babbar dillaliyar fulawa a wannan kasuwa. Kuɗinta da na matan kasuwa irinta ne ya riƙe jam'iyyar CPP ta Kwame Nkrumah, shugaban Ghana na farko, tun tana rarrafe. Ta rasu a 1961. Mu ma muna da Ladi Kwali a bayan naira 20, amma ita gwanar tukwane ce. 'Yar siyasa mace ba ta hau kuɗinmu ba tukuna.

Daga Makola muka gangara James Town, bakin teku, inda tsohon kurkukun James Fort yake. A ciki Nkrumah yake tsare lokacin zaɓen Fabrairun 1951, daga can kuma ya ci kujerar Akra. Matan birni da suka kai shekara 21 sun jefa ƙuri'a a wannan zaɓe. Sai dai bai game ƙasa ba: a karkara wakilai ake zaɓa, su kuma su zaɓi ɗan majalisa. Zaɓen 1954 ne ya zama na kai tsaye a duk kujeru 104, maza da mata, kudu da arewa. A shi ne 'yar jarida Mabel Dove Danquah ta ci kujerar karkarar Ga a tutar CPP, ta zama mace ta farko a majalisar.

Ina tsaye a gindin katangar nan lissafi ya dame ni. Matar Tamale a arewacin Ghana, musulma, mai zani da mayafi kamar iyayenmu, ta samu ƙuri'a a 1954. Ta Yamai da Damagaram ta samu a 1956. Ta Kano da Zariya ba ta samu ba sai zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, tsarin mulkin 1979 ya tabbatar, alhali matan kudancin Najeriya sun yi zaɓen 1959. Shekara 22 ke nan tsakanin Tamale da Kano. Hajiya Gambo Sawaba ta NEPU ta sha ɗauri da duka a kan wannan magana, mahaifinta kuma mutumin Ghana ne. Duk mai cewa addini ne ya kawo jinkirin, ya zo Nima ya ga layin mata masu hijabi ranar zaɓe. Siyasar masu mulkin Arewa ce ta lokacin.

Amma kada a ɗauka komai zuma ne. A 1960 sai da aka yi doka ta ware wa mata kujeru 10 kafin su shiga majalisa da yawa; cikinsu akwai Susanna Al-Hassan daga arewa, wadda ta zama minista daga baya. A zaɓen 2020 mata 40 ne cikin 275. Jane Naana Opoku-Agyemang ta zama mataimakiyar shugaban ƙasa a Janairun 2025, amma Hajiya mai masaukina ta taɓe baki. A ganinta zaɓen fidda gwani ne ke kayar da mata, domin can ake zuba kuɗi: su ne masu gangami da girkin taro, in an zo rabon takara sai a tuna da maza.

Ta sha zama wakiliyar jam'iyya a rumfar zaɓe, don haka ta zayyana mini yadda abin yake. Ranar 7 ga Disamba ake yi, daga bakwai na safe zuwa biyar na yamma. Na'ura ta tantance yatsa, a shafa wa mutum tawadar da ba ta wankuwa, a ba shi takarda mai hoton 'yan takara da alamunsu, lema ko giwa ko zakara. Inda ƙuri'a ke lalacewa wurin naɗewa ne: tsohuwa ta dangwala, tawada ba ta bushe ba, ta ninka takardar sama da ƙasa, sai shatar yatsan ta fito a gidan wani. Shi ya sa suke koya wa mata su goge yatsa tukuna, su naɗe ta tsaye. Masu lalle kuma su dakata sai bayan zaɓe, don kada na'ura ta yi musu gardama.

Wurin tunawa da Nkrumah yana da kyau, sai dai kuɗin shigar baƙo ya fi na ɗan ƙasa nesa ba kusa ba. Juma'a na yi ta a babban masallacin Kanda, ginin Turkawa. Kumasi ban samu zuwa ba, sidi, kuɗin ƙasar, ya ƙare. A dawowa motar ta kwana a Lome, an ce birki.