Na Ga Kano a Taswirar Masu Harba Roka

Kawuna, ƙanen mahaifiyata da ya daɗe yana zaune a birnin Orlando na jihar Florida, shi ne ya matsa lallai sai na ga Cibiyar Sararin Samaniya ta Kennedy kafin in koma gida. Mun bar gida bayan sallar asuba muka nufi gabas, kuma cikin kamar awa ɗaya muka shiga tsibirin Merritt, inda NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta kafa cibiyar a bakin Tekun Atlantika. Na yi zaton zan tarar da ƙarafa da siminti ko'ina, sai na tarar da fadama shimfiɗe iya ganin ido, ga tsuntsayen ruwa, ga kada kwance a gefen lambatu yana shan hantsi, domin mafi yawan filin gandun namun daji ne da aka killace. Dalili biyu ne suka sa aka zaɓi wurin. Ana harba roka ta fuskar gabas don ta ci moriyar juyawar duniya, wadda ke ƙara mata sauri kyauta, sannan idan wani abu ya lalace, tarkacen a teku zai faɗa maimakon kan gidajen mutane.

Baƙo ba ya yawo da ƙafa a ɓangaren da ake aiki, sai dai a saka shi a bas. Daga tagar bas ɗin muka hango ginin da ake harhaɗa rokoki a tsaye, wanda tsayinsa ya kai mita 160, kuma saboda babu wani dogon gini kusa da shi da ido zai gwada, sai da na ga motocin ma'aikata a gindinsa kamar ƙwaro sannan na yarda da girmansa. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hanyar tsakuwa mai faɗi da ta tashi daga ƙofar ginin zuwa dandalin harbawa. A kanta wata ƙatuwar mota mai ƙafafun sarƙa irin na katafila take ɗaukar roka a tsaye, tana tafiyar da ba ta wuce kilomita ɗaya da rabi a awa, har ta cinye fiye da kilomita 5. Abin da zai yi gudun kilomita 28,000 a awa a sararin samaniya, da tafiyar hawainiya yake barin gida, injiniyoyi na takawa a gefensa suna duba kowace gaɓa.

A zauren Apollo, wato shirin da Amurka ta tura mutane duniyar wata da shi, aka sauke mu, inda rokar Saturn V take kwance a kan ginshiƙai sama da kawunan mutane, tsawonta kusan mita 111. Na tsaya a ƙarƙashin bakunan injinanta biyar, waɗanda kowannensu ya fi mita 3 da rabi faɗi, na ga bututai siraran da aka jera aka haɗa su, layi bayan layi, kamar aikin maƙeri mai haƙuri. Irin wannan roka ce ta tashi daga dandali mai lamba 39A ranar 16 ga Yuli, 1969, ɗauke da Neil Armstrong da Buzz Aldrin da Michael Collins, kuma bayan kwana huɗu biyun farko suka taka duniyar wata. Idan mutum ya bi tsawon rokar da ƙafa tun daga gindi, sai ya fahimci cewa kusan dukkanta tankunan mai ne da ake yarwa a hanya, kuma abin da ke dawowa duniya ɗan ƙaramin ɗaki ne mai siffar malafa da mutum uku ke matsuwa a ciki. Na tafiyar Apollo 14 yana nan a ajiye, jikinsa duk a babbake saboda zafin shigowa cikin iska. Akwai kuma ɗan guntun dutsen wata da aka yarda kowa ya taɓa. Na sa yatsa na ji shi sumul, yawan taɓawar jama'a ya goge shi.

Sai da muka dawo babban farfajiyar baƙi Kawu ya ja hannuna zuwa wani ɗaki mai duhu-duhu, ya ce, "Ɗana, wannan na kawo ka ka gani, sauran duk ƙari ne." Teburan sarrafawa ne na shirin Mercury, shirin farko da Amurka ta tura mutum sama da shi, ga tsofaffin wayoyi da maɓallai, ga babbar taswirar duniya a bango mai ɗauke da da'irori a wurare daban-daban. Kowace da'ira tashar bibiyar kumbo ce, kuma da na bi yatsan Kawu zuwa Afirka ta Yamma, sai na ga ɗaya a arewacin Najeriya. Kano ce.

Na daɗe a tsaye ban ce komai ba. A farkon shekarun 1960 babu taurarin ɗan'adam da za su riƙa isar da magana tsakanin kumbo da ƙasa, kuma kumbon da ke kewaya duniya cikin kamar minti 90 ba ya wuce 'yan mintoci a saman kowace tasha kafin ya ɓace a bayan doron ƙasa. Saboda haka dole aka jera tashoshi a kewayen duniya, har da wasu a kan jiragen ruwa, kowace tana karɓar kumbon daga ta bayanta tana miƙa shi ga ta gaba. A nahiyar Afirka, Kano da Zanzibar aka zaɓa. Ranar 20 ga Fabrairu, 1962, lokacin da John Glenn ya zama Ba'amurke na farko da ya kewaya duniya, har sau uku, tashar Kano tana cikin waɗanda suka saurare shi. Na yi karatu tun daga firamare har jami'a a arewa, kuma babu malamin da ya taɓa faɗa mini wannan. Abin ya yi mini daɗi, ya kuma yi mini ciwo, domin labarin da ya kamata yaran Kano su taso da shi a aji, sai da na tsallaka teku na same shi a bangon wasu.

Daga nan muka shiga inda aka ajiye kumbon Atlantis, wanda ya je sama sau 33 kuma shi ya rufe shirin jiragen jigila, wato kumbunan da ke zuwa sama su dawo a sake amfani da su, a watan Yuli na 2011. An rataye shi a karkace, ƙofofin bayansa a buɗe, kuma ba a yi masa sabon fenti ba. Tabon ƙuna da dauɗar tafiya duk suna jikinsa. A ƙasan ginin akwai wani lungu da hayaniya ke mutuwa da kanta. Nan aka ajiye wani ɓangaren jikin kumbon jigila Challenger, wanda ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashi ranar 28 ga Janairu, 1986, saboda sanyin safiyar ya ƙandarar da wani zoben roba da ke toshe mahaɗar roka, da kuma firam ɗin tagogin kumbon jigila Columbia, wanda ya wargaje yana dawowa ranar 1 ga Fabrairu, 2003. Mutum bakwai-bakwai suka rasu. Na girmama yadda ba su ɓoye wannan ba, suka ajiye shi a gini ɗaya da abin alfaharinsu, tare da 'yan kayayyakin da iyalan mamatan suka bayar.

An sa ranar harba wata rokar Falcon 9 ta kamfanin SpaceX da yammacin wannan rana, amma hadari ya taso daga teku, aka ɗage. Jama'a suka naɗe kujerunsu ba tare da gunaguni ba, Kawu kuma ya ce gobe ma rana ce, in Allah ya kai mu. Washegari muka dawo muka sami wuri a bakin kogi a garin Titusville, muka yi la'asar a gefen mota, muka zauna jira. Da lokaci ya yi, wani haske mai kashe ido ya bayyana can ƙetaren ruwa yana hawa a hankali, shiru kamar ba abin da ke faruwa, har na fara tunanin ko nisa ya haɗiye ƙarar. Sai ga ta ta iso, rugugi mai tsattsagewa da na ji a ƙirjina kafin kunnena, tsuntsaye suka watse daga kan ruwa. Kawu, wanda ya ga irin wannan ba adadi, ya riƙe kafaɗata yana ta maimaita "Subhanallahi", muka bi farin layin hayaƙin da ido yana lanƙwasa zuwa gabas, ta fuskar gida.