Kwana tara muna cin akuyar Inna ba mu sani ba

Mu uku aka tura, duka 'yan seminari, dawowarmu ke nan daga Burkina don babban hutu. Ga wanda bai sani ba, mu 'yan Nijar masu karatun zama fada galibi can ake kai mu, Wagadugu ko Kumi kusa da Bobo, tunda bishop-bishop na Burkina da na Nijar majalisarsu guda ce. To in an zo hutu ba a barinka ka miƙe ƙafa gida kana cin shinkafar mamanka, sai a ce tashi ka tafi ƙauye ka zauna da mutane. Ni haifaffen Maradi ne, unguwar Zariya, shi ya sa aka ce ni ne bakin tafiya, tunda ɗayanmu ɗan Arlit ne Hausarsa duk a karkace take, ɗayan kuma Badamagare ne amma shiru-shiru gare shi kamar sabuwar amarya.

Mun yi mes, wato addu'ar coci, ta safe a katidiral Notre-Dame de Lourdes muka hau motar Dakoro, daga can kuma amalanke, shanu biyu na ja a cikin rairayi har la'asar. Diyosis ɗinmu ta Maradi, wato yankin da bishop ɗinmu ke kula da shi, a 2001 aka yanko ta daga Yamai, Monsinyor Ambroise Ouédraogo ne bishop na farko, kuma faɗinta ya wuce wasa, daga Tawa har Diffa har Agadas, Kiristocin ciki kuwa warwatse suke ɗai-ɗai kamar gawo a gona. Ƙauyen da muka sauka gida biyu ne kawai na Kirista, sauran Musulmi, sai wasu tsofaffi da ba su saki al'adar kakanni ba, ga rugar Fulani da 'yan bukkokin Buzaye a bayan tudu. Fada na zuwa can sau nawa ne ma a shekara, katikis, wato mai koyar da addinin Kirista a ƙauyen, shi ne ke riƙe da komai.

Abin da na ɗora a jaka yanzu in na tuna kunya nake ji, sardin gwangwani shida, sukari, shayi, sange, littafin addu'a, da wani kaye da na rubuta darussan da zan koyar. Darussa fa! Ban ɗauki ko tiya guda ta hatsi ba.

Watan Agusta ne. Duk ɗan ƙauye ya san me wannan ke nufi, rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, samari da suka tafi cirani Najeriya wasu ba su aiko komai ba tukuna, mata na yawo bakin gona suna tsinkar tafasa da zogale a dafa a kwaɗa da ɗan ƙuli. Ni ɗan birni na san wannan a littafi, amma daren farko da aka yanka mana zabo aka kawo tuwo malmala-malmala sai na ce ashe dai ana ƙara gishiri a labarin yunwar nan. Washegari tuwo. Jibi tuwo. Da rana fura mai kauri da nonon Fulani. Mu kuwa muna ci muna santi, ɗan Arlit har da neman ƙari.

Da safe gona muke bin Baba, maigidan da ya sauke mu, lokacin maimai ne. Kwana biyu hannuna ya yi ruwa ya fashe, ƙarangiya ta cika min ƙafar wando, yara na bina suna dariyar yadda nake riƙe hauya. A gonar ne ya nuna min itatuwan da ya bari suna tofowa daga kututture, yana sassabe rassan ya bar biyu ko uku masu ƙarfi, sassabin zamani ke nan da wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara yaɗawa a ƙasar Maradi tun wajen 1983. Ni da aka haifa a Maradi sai a bakin Baba na fahimci me ya sa gawo ke da daraja, da damina yake kaɗe ganye, ba ya yi wa hatsi inuwa, ƙarƙashinsa kuma zangarniya ta fi girma. Ya ba ni labarin 2005 ma, shekarar yunwar da ta biyo bayan fara da farin 2004, ya ce anza suka ci, sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ana zubar da ruwan kafin ɗacin ya fita. Ina sauraro ina gyaɗa kai, har yanzu kwakwalwata ba ta haɗa lissafin ba.

Yarinya ce ta farkar da ni, jikar Inna mai dafa mana abinci, ba ta wuce shekara bakwai ba. Ran kwana na tara ina wanke hannu sai ta ce, "Kawu, don Allah kada ku tafi da wuri, tunda kuka zo kullum ana tuwo, ƙanzo namu ne." Wallahi sai na ji tuwon da na ci ya tsaya min a ƙirji. Na je wajen katikis na tsare shi, da ƙyar ya gaya min cewa kwana biyu kafin zuwanmu Inna ta kai akuyarta kasuwa ta sayo hatsi. Akuyar mace a ƙauye ita ce bankinta, ita ce kuɗin likita, ita ce kayan ɗakin ɗiya. Mu ƙarti uku mun zauna muna cinye ta loma-loma.

Sai na ƙara wauta a kan wauta. Na haɗa 'yan kuɗinmu, jika goma, na sami Baba bayan magariba na miƙa masa a gaban mutane. Bai ko kalli hannuna ba, ya ce, "Ɗana, nan ba otel ba ne. Baƙo raɓa ne, gobe ba ku nan." Ya tashi ya shige. Ranar ko gaisuwar dare ba mu yi ba.

Katikis ne ya gyara ɓarnar. Ya ce kuɗi a hannun maigida zagi ne, amma tsarabar kasuwa ba a mayar da ita. Ran kasuwa muka taka da ƙafa muka auno hatsi da wake da gishiri da ɗan mai, aka ɗora a jaki, muka ajiye ƙofar ɗakin Inna muka ce, "Inna, ga tsaraba, ba yawa." Ta ce Allah shi yi albarka, shi ke nan. Kuma muka roƙi a daina ware mana akushi, mu ci kwano ɗaya da mazan gida, abin da aka samu. Daga nan ne muka san ainihin cimar watan, wani dare kwaɗon tafasa kawai, da rana fura tsararo da za ka ga fuskarka a ciki. Sardin ɗin nan da na ɓoye a jaka na fiddo, Inna ta zuba a miya, gida duka aka ci.

Kayen darussa kuwa shafi biyu kawai na buɗe. Lahadi muna taruwa ƙarƙashin bedi mu goma sha wani abu mu yi karatu da waƙa, sauran ranaku hira ce. Liman ya zo gaishe mu da goro, shi da kansa ya tado zancen coci-cocin da aka ƙona a Damagaram da Yamai a Janairun 2015, ya ce abin bai yi musu daɗi ba, Badamagaren namu da abin ya faru a idonsa ya yi shiru ya ce mun gode malam. Tambayar da ta fi damun mata dai ita ce ta aure, "Wai da gaske ba za ku yi aure ba? Har abada? To wa zai yi muku daka?" Duk bayanin da na koyo a aji na zazzage musu, Inna ta dube ni ta ce Allah shi sawwaƙe.

A rahoton da na rubuta wa fadan da ke kula da mu na sa abu biyu, duk wanda za a tura ƙauye da damina a ɗora masa buhu a amalanke tun daga Dakoro, kuma a tambayi katikis wa zai ciyar, da me. Kafin mu taso mun ƙara haɗa kuɗi har da na motarmu muka sayi akuya, muka bar ta hannun katikis muka ce sai mun yi nisa ya kai mata don kada a maido.

Bayan wata guda ya kira ni, rezo na yankewa, ya ce Inna na gaishe ku, ta karɓa, amma ta ce in gaya muku an cuce ku a kasuwa, akuyar tsohuwa ce, haƙoranta duk sun zube.