Yadda muka haɗa hannun mutum-mutuminmu a Kumasi

Tun da 'yan matan makarantar Methodist ta Mamfe a Ghana suka ci gasar mutum-mutumi ta Robofest a Amurka a 2019, yaran unguwarmu ta Aboabo suka matsa mini sai mun haɗa namu mutum-mutumin. A gasar ɗalibai da muka shiga, aikin da aka ba shi shi ne ya ɗauki guntayen katako daga ƙasa ya zuba a akwati. Tayoyi da allon Arduino, wato 'yar kwamfutar da ke sarrafa mutum-mutumin, ba su ba mu wahala ba. Hannun kamun ne ya cinye mana lokaci.

Mun fara da kwali, kuma har gobe shawarar da nake ba kowa ke nan, domin almakashi ya isa a gyara shi. Ƙaramin injin servo, wato injin da ke buɗe yatsun ya rufe su, muka ɗaura, SG90, mai ƙarfin juyi kusan kilo 1.8 a nisan santimita 1. Yaran sun so dogayen yatsu don sun fi kyan gani, sai na sa su yin lissafi a allo: yatsa mai santimita 9 yana rage wannan ƙarfin zuwa giram 200 kacal a bakinsa. Da kansu suka rage tsawon. Daga baya muka koma MG996R, wanda haƙoran cikinsa na ƙarfe ne. Shi kuma ɗan cin wuta ne, idan ya matse abu yana iya jan fiye da amfiya 2, Arduino ya ɗauke ya sake tashi. Muka ware masa batirinsa daban, muka haɗe wayar ƙasa, wato wayar negetif, ta ɓangarorin biyu.

Duk da haka katakon yana sulɓewa. Na je Suame Magazine, unguwar makanikai da masu walda ta Kumasi, neman falankin alminiyom, wani dattijon mai walda ya karɓi hannun yana jujjuya shi.

"Malam, ƙarfi kuke ta ƙara masa, alhali bakinsa ne bai dace da kayan ba. Dubi awartakin maƙeri, kowane aiki da irin bakinsa."

"To Baba, yaya za mu yi?"

Ya lanƙwasa mana bakin yatsun biyu zuwa siffar V, ya ce mu naɗe su da robar cikin tayar keke. Mu kuma muka cusa siririn soso a ƙarƙashin robar. A ganina wannan gyaran ya fi sabon injin amfani nesa ba kusa ba. Mutum-mutumi ba ya tsayawa daidai kan kaya, musamman ranar gasa da hannun yaro ke rawa a kan madannai. Baki mai siffar V yana jawo katakon zuwa tsakiya ko an kauce kaɗan, robar ta hana santsi, soson kuma ya shanye ragowar matsin.

Wata yarinya a cikin yaran ce ta lura injin yana ƙugi yana zafi idan an umarce shi ya rufe gaba ɗaya alhali katako na tsakani. Ta auna kusurwar da riƙon yake kamawa, ta rubuta ta a manhajar a matsayin iyaka, zafin ya ragu sosai.

Ranar gasa ba mu zo na ɗaya ba, wasu sun fi mu sauri. Amma duk katakon da hannun ya kama ya kai shi akwati, kuma servo na ajiya da muka tafi da shi bai fito daga jaka ba. Yanzu yaran suna gwada yatsu masu rufewa a miƙe, don su iya ɗaukar kwalabe.