Daga Landan zuwa Zariya: kitsen da ke manne a zuciya

Assalamu alaikum iyaye da 'yan uwa na Zazzau. Ina gaida kowa. Kun tambayi sanyi da kuɗin haya, to sanyi dai ya shigo, ƙarfe huɗu na yamma gari ya yi duhu. Amma saƙon da ya fi zuwa mini a WhatsApp na masu cewa ne gabansu na faɗuwa haka siddan, zuciya na dukan uku-uku ba tare da wani abin tsoro ba.

A sashen zuciya da nake aikin jinya, hoton na'urar CT, mai ɗaukar hoton cikin jiki, har yau yana ba ni mamaki. Sai ka ga kitse ya lulluɓe zuciya, ya manne da tsokarta, babu ko tantani a tsakani, jijiyoyin jini ɗaya ke ciyar da su. Kowa na da shi. Idan ya yi yawa ne yake tsatso sinadaran da ke kumbura tsoka, ya kutsa ɗakunan sama na zuciya, ya bar tabo. Daga nan lantarkin da ke tsara bugu sai ya rikice. Jini ya riƙa kwanciya a ɗakin sama na hagu, ya yi gudaji, gudajin ya wuce ƙwaƙwalwa. Mai irin wannan bugu, haɗarin shanyewar ɓarin jikinsa ya kai kusan ninki 5 na wanda ba shi da shi. Binciken Framingham na Amurka ya nuna alaƙar kitsen nan da rikicewar bugu tun 2010.

A nan kafin ka ga likita sai ka cika takardu ka yi ta jira, abin na ci mini rai. Amma da an taɓa hannunka an ji bugu ba tsari, ba a sake yin wasa. A gida kuwa sai a tafi kemis a sayo maganin olsa, mai teɓa kuma a ce masa, "Alhaji, hutu ya karɓe ka." Wallahi wannan yabon na damuna.

Baba, Yaya, ku ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ku ƙirga bugu na minti ɗaya. Mutum yana hutawa, 60 zuwa 100 ne, bi da bi. In yana tsallake ko rige-rige, a je asibitin koyarwa na Shika a nemi gwajin ECG mai auna lantarkin zuciya, musamman mai hawan jini, ciwon suga ko minshari mai sarƙe numfashi. Likitocin Adelaide a Ostareliya sun gano a 2015 cewa masu ƙiba da ke fama da rikicewar bugu, waɗanda suka rage kashi 10 cikin 100 na nauyinsu, da yawansu bugun zuciyarsu ya daidaita. A rage lemon kwalba da soye-soye, a riƙa takawa masallaci da kasuwa a ƙafa.

Naku,
ɗan Tudun Wada a Landan