Daga gafakar Gwandu zuwa kantar laburare a Birnin Kebbi

Tun kafin a san laburaren gwamnati a ƙasar Kabi akwai littattafai a zaurukan malamai, musamman a Gwandu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar rubuce-rubuce masu yawa, ciki har da tafsirinsa Diya'ut Ta'wil, almajirai suka yi ta kwafa da hannu, a sa takardun a tadarishi, wato bangon fata, a ɗaure, a cusa a gafaka. Mai son littafi ya je ya durƙusa gaban malam, a ba shi aro bisa amana, ya kwafa ya maido.

Ɗakin karatu na kowa da kowa kuwa ya shigo Arewa ne lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da Turawa suka sa En'e-En'e buɗe wuraren da jama'a za su karanta labarin yaƙi a jaridu irin Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939. A 1952 aka kafa laburaren Jihar Arewa a Kaduna. Daga nan sai rabon jihohi: Arewa maso Yamma a 1967, Sakkwato a 1976, Kebbi ranar 27 ga Agusta 1991. Wato sai a lokacin ne nauyin laburare ya koma wuyan Birnin Kebbi, ta kula da kanta, ta kuma waiwayi Argungu da Yawuri da Zuru.

Abin da ke ba ni takaici shi ne an ɗauka in an yi gini an gama. Alhali laburare a yankinmu ba rashin gini ke kashe shi ba, rashin kulawa ne. Littafi ya shigo, sai a rubuta shi a babbar rajista, a ba shi lambar da ba za a sake ba wani ba, a buga masa hatimi, sannan a liƙa lambar fanninsa a ƙeya: a tsarin Dewey na jera littattafai fanni-fanni, 297 Musulunci, 610 lafiya, 630 noma. Duk wanda aka jera ba wannan lamba ya ɓata, ko da yana cikin ɗakin.

Sai gara. Ita ba ta sallama. Ta bango take hawowa da damina, ta cinye cikin littafi ta bar bangonsa tsaye kamar lafiya lau. Shi ya sa kantar ƙarfe ta fi ta katako, a janye ta daga bango, layin ƙasa ya ɗaga da kamar taƙi guda, a kuma riƙa leƙa bayanta kowane mako don neman hanyar gara. Da hunturu a goge ƙura da busasshen tsumma, jiƙaƙƙe fumfuna yake jawowa. Kwano mai yoyo kuwa a gyara shi tun bazara.

Rubutun hannu na gidajen malamai ya fi komai ban tsoro, don ba shi da na biyu. Kada a liƙa masa salatif, domin gam ɗinsa na rina takarda ya cire tawada. Kada a liƙe shi cikin leda da zafi. A bar takardun a jerensu, a ɗauki hoton kowane shafi ba tare da walƙiyar kyamara ba, a rubuta sunan littafin da gidan da ya fito, sannan a mayar wa masu shi kayansu hannu da hannu.